Hannun da Ke Kan Birki

Shafi na 23

Na ga saƙonninku na jiya, har da ke da kika ce in ban ɗora ba za ki zo ki tare a ƙofar gidana. Yi zamanki, ga shi. Amma ku yi haƙuri da ni, wannan shafin da ƙyar ya rubutu, ina yi ina ajiye waya ina zagaye ɗaki.

Mun tsaya a inda na bi mijina Refik zuwa asibitin ma'aikata ranar gwajin lafiyarsa na shekara, bayan na ce masa kasuwa za ni, ya rage mini hanya.

*

Ban je kasuwa ba.

Yana kashe mota na riga shi fita, na nufi ƙofar asibitin.

"Almasa, kasuwa fa can take."

"Na sani. Bari ruwan ya tsagaita."

Ya ɗaga kai ya kalli sama. Yayyafi ne da ko gashin kai ba zai jiƙa ba. Ya kalle ni, ya wuce gaba.

Barandar ciki cike take da ma'aikatan ramin kwal, kowa fuska a murtuke don babu wanda ya karya, jini za a ɗiba. Duk shekara haka ake yi. In likita ba ta buga wa mutum hatimi cewa ya dace da aikinsa ba, ko ƙofar ramin mai gadi ba zai bar shi ya wuce ba.

Shi kuwa Refik aikinsa ba irin na kowa ba ne. Shi ke tuƙa injin keji, akwatin ƙarfen nan da ke saukar da maza ƙarƙashin ƙasa ya kuma hauro da su. Hannu ɗaya a kan inji, ɗaya a kan birki. Kuma ɗanmu Nermin, shi kaɗai Allah ya ba mu, a cikin kejin nan yake sauka kowace safiya.

Tun ƙarshen bazara Refik ya fara ɗaukewa. Yana zaune da ƙoƙon gahawa a hannu, sai kawai ya tsaya cak, ido a buɗe, baki yana motsi kamar mai tauna. In kira shi, shiru. Can sai ya dawo, ya ce mini me nake kallo.

Da safen nan ma ya yi. A gaban madubi, da reza a hannu.

"Kai, Refik! Har da ɗan sanda ka zo?"

Zijad ne, abokin aikinsa a ɗakin inji, ƙaton mutum mai tumbi, ya cinye rabin benci shi kaɗai. Ya matsa mana.

"Matar yaya, faɗi gaskiya, tsoro kike kar sabuwar likita ta ƙwace miki shi?"

Na ce, "Wa zai ƙwaci wannan? Ko kyauta aka ba ta, kafin la'asar ta dawo da shi."

"Ni dai ku dube ni. Tun jiya rabona da abinci. Mutum kamata! In na faɗi a nan, ku gaya wa matata da sunan pita, burodin nan mai nama a ciki, na cika a bakina, ba da nata ba."

Aka yi dariya daga can ƙarshen benci. Wani ya ce, "Zijad, matsa can, warin me kake yi haka?"

"Tafarnuwa, ɗan'uwa. An ce tana saukar da hawan jini. Tun makon jiya nake cin ta ɗanya, har kyanwar gidanmu ta koma wurin maƙwabta."

Nas ta leƙo ta kira sunansa. Ya miƙe yana gyara wando.

"Ku yi mini addu'a. In kun ji ƙara, abin awon jinin ne ya fashe."

Ya shige, aka rufe ƙofa.

Na matsa kusa da Refik har kafaɗarmu ta haɗu. Na yi ƙasa da murya.

"Za ka gaya mata?"

"Me?"

"Abin da safe."

"Gajiya ce."

"Refik."

"Yanzu mutum ba zai yi tunani a gidansa ba?"

"Da reza a wuya kake tunanin? Taɓa ka ji, har yanzu jinin bai gama bushewa ba."

Ya kai hannu ƙarƙashin haɓarsa, ya yi saurin saukewa.

"Rage murya, kin san kunnen mutanen nan."

"To ka amsa mini."

"A wurin aiki bai taɓa faruwa ba. Ko sau ɗaya. A gida ne kawai, in jikina ya saki. In na zauna a gaban inji ni wani mutum ne daban, ke ma kin sani."

"Yaya aka yi ka san bai taɓa faruwa ba? Na gidan ma sai na gaya maka."

Ya murza hularsa.

"Kin san inda za su kai ni in ta rubuta ban dace ba? Ɗakin fitilu. In zauna a taga kamar mai sayar da tikiti, ina miƙa wa yara fitila, yaran da ni na fara saukar da su suna rawar ƙafa. Mutanen nan in sun zo bakin rami tambaya suke, wa ke kan inji? A ce Refik, su shiga suna hira. Saura kaɗan in karɓi fansho, Almasa. Ki bar ni in fita ta ƙofar da na shigo."

"Nermin fa?"

"Kar ki sa mini Nermin a ciki. Kin fi ni son sa ne?"

Na tashi na je taga, na dawo, na sake tashi. Ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Wani dattijo ya ce ko in zauna ko in fita, ina sa masa jiri.

Da Zijad ya fito, ban gane shi ba. Rigarsa a hannu, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka.

Wani ya ce, "Yaya, abin awon ya fashe?"

Bai kula shi ba.

Nas ta kira Refik. Da suka yi kiciɓis a bakin ƙofa Refik ya ce, "Yaya dai?"

"Shiga kawai."

Zijad ya zo ya zauna kusa da ni, bencin ya yi ƙara. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ta cire ni, matar yaya."

"Daga ina?"

"Daga inji. Jinin ya hau fiye da bara, zuciyar ma wai tana tsallake bugu. Daga yau ba ni ba ɗakin inji."

"Ayya, Zijad. Allah ya ba ka lafiya. Ai lafiyar ce gaba."

"Ba kaina nake ji ba."

Ya waiga hagu da dama, ya kama hannun rigata ya ja ni can bayan matakala, inda babu kowa.

"Me ya kawo ki nan yau? Kar ki ce mini kasuwa."

Na kalle shi, ya kalle ni. Nan take na gane ya sani.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun kafin bazara."

"Kafin bazara? Ai ni ban fara gani ba sai..."

"A wurin aiki ya fara."

Na dafa bango.

"Ban gaya wa kowa ba. Na je na roƙi shugaban aiki ya haɗa lokacinmu, na ce motata ta lalace, Refik ke ɗauko ni. Tun daga nan duk saukar da zai yi da mutane ina tsaye a bayansa. Ya ɗauka surutu ne ke kawo ni. Ni kuwa idona a kan hannunsa."

"Kuma ya taɓa yi da mutane a ciki?"

Ya yi ƙasa da murya.

"Kin tuna ranar da keji ya tsaya da ƙarfi, aka ce wuta ce ta yi tsalle?"

Na tuna. Yaya zan manta? Ranar Nermin ya shigo mana da leɓe a fashe, yana dariya, wai keji ya zubar da su kan juna kamar buhunan dankali. Refik kuma ya zauna a kan tebur yana zagin masu gyaran wuta har miya ta huce.

"Ba wuta ba ce," in ji Zijad. "Sun kusa ƙasa, lokacin rage gudu ya yi, ƙararrawa na bugawa, shi kuwa yana zaune yana tauna baki. Na yi masa tsawa, ko gezau. Injin yana da nasa birkin da ke kamawa da kansa, amma injin nan ya girme ni, ban tsaya jiransa ba. Na faɗa kan Refik na fizgi birki da hannu biyu."

"Shi ya sani?"

"Ina fa. Da ya dawo ya ce me ya faru, na ce wuta. Abin da na faɗa wa kowa ke nan. Shi ma ya yarda."

"Zijad, ɗana yana ciki!"

"Na sani! Ƙanin matata ma yana ciki. Kina zaton barci nake yi tun ranar? Na ce zan riƙe shi har ya yi ritaya, ba wanda zai ji. Yanzu ga shi an cire ni. Gobe da safe wani sabon yaro za su sa masa, wanda zai zauna a lungu yana latsa waya."

Ban san lokacin da na bar wurin ba.

Nas ta tare ni. "Baiwar Allah, ba a shiga, akwai mutum a..."

Na ture hannunta na murɗa ƙofa.

Refik na zaune a bakin gadon gwaji yana ɓalla maɓallan riga. Likita Vildana, yarinya ce siririya mai tabarau, ba 'yar garinmu ba, tana bayan tebur tana magana ba ta ɗago ba.

"Ido lafiya, kunne lafiya, zuciyarka ma ta fi tawa. Saura tambaya ɗaya. Ka taɓa suma, ko jiri, ko hankalinka ya ɗauke ko da na ɗan lokaci ne?"

"A'a."

Hannunta ya kai kan hatimi.

"Ƙarya ne," na ce.

Dukansu suka juyo.

"Almasa, fita."

"Likita, kar ki buga."

"Na ce ki fita!"

Likita ta ajiye hatimin a hankali, ta cire tabarau.

"Wace ce?"

"Matata ce. Ba ta da lafiya, tun safe take surutai."

"Ni ce ba ni da lafiya? Likita, dubi wuyansa. Tambaye shi yadda aka yi ya yanke."

"Kowane namiji yana yankewa wurin aski!"

"Kowane namiji yana tsayawa kamar gunki, matarsa na jijjiga shi bai san tana yi ba?"

Likita ta ɗaga hannu.

"Ku dakata. Malam Refik, gwajinka ne, sirrinka ne. In ka ce ta fita, yanzu za ta fita. Amma ka sani, abin da kunnena ya ji ya riga ya ji, ba zan yi kamar ban ji ba."

Refik ya harare ni. Tun da muka yi aure bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

"Bar ta. Tunda ta zo tozarta ni, ta ƙarasa."

Na faɗa mata. Gahawar da ta zube masa a cinya bai ji zafi ba. Ranar da ya tsaya a tsakiyar sallama da maƙwabci, hannu a miƙe. Na safiyar nan. Ban rage komai ba.

Likita ta juya gare shi. "Haka ne?"

"Wani lokaci nakan yi nisa a tunani. A gida. Shekaruna sun ja, ba laifi ba ne. Amma ki je ki tambayi duk wanda ke barandar nan, tun da na hau injin nan ko yatsan mutum bai taɓa ƙujewa a hannuna ba."

"Kana tuna abin da ke faruwa a lokacin?"

"Ba abin da ke faruwa."

"Kana tunawa?"



"Sai dai in ga gahawa ta huce," ya ce a hankali. "Shi ke nan. Amma a gida. Na rantse miki, a wurin aiki bai taɓa zuwa ba."

Da gaske yake rantsuwar. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na buɗe ƙofa. Zijad na tsaye a wurin, kamar ya san za a neme shi.

"Shigo ka gaya masa."

"Matar yaya, don Allah..."

"Shigo. Ni ba zan iya ba."

Ya shigo, ɗakin ya yi ƙanƙanta. Refik ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne kuma? Kai ma da kai aka haɗa?"

"Refik, ranar da keji ya tsaya..."

"Wuta ce. Me ya kawo wannan?"

"Ba wuta ba ce, ɗan'uwa."

"Kai ka ce wuta ce."

"Ni na ce."

"Ka rantse mini!"

"Na rantse a kan ƙarya, Allah ya yafe mini. Kai ne. Ka ɗauke. Ni na ja birki."

Refik ya yi wata 'yar dariya.

"Zijad, wannan wasan ba daɗi. An cire ka, shi ne kake so mu tafi tare?"

Zijad bai ji haushi ba. Hawaye ne ma suka cika idonsa.

"Ka tuna kafaɗarka ta kwana biyu tana ciwo, ka ce ba ka san me ka buge ba? Ni ne na faɗo maka. Ka tuna tun daga lokacin ko bayan gida ba na zuwa in za a sauke mutane? Kai har kana ce mini cingam, na manne maka."

Dariyar ta bar fuskar Refik. Na ga hannunsa na dama yana lalubar bakin gado.

"Aikin safe ne," ya ce, ba tambaya ba.

Ya juyo gare ni.

"Leɓen Nermin."

"Refik..."

"Ni na fasa wa ɗana baki, na zauna ina cin abinci ina zagin mutane?"

"Ba ka sani ba," na ce.

"Da ba ka wurin fa?" Ya kalli Zijad. "Faɗa mini. Da ka fita shan taba fa?"

Zijad ya sunkuyar da kai.

Refik ya miƙe, ya cakumi wuyan rigarsa. Ƙaton nan ko motsi bai yi ba.

"Ka bar ni ina komawa kan kujerar nan kullum? Kullum, da 'ya'yan mutane a rataye a hannuna? Kai wane irin aboki ne?"

"Irin wanda ya san abin da aikin yake a wurinka."

"Da ka kashe ni ya fi!"

"Malam Refik, sake shi." Likita ba ta ɗaga murya ba, amma ya sake. "Shi ma mara lafiya ne. Zauna."

Ya zauna. Na je zan dafa shi, ya janye kafaɗa.

Likita ta jawo kujerarta ta fito daga bayan tebur, ta zauna daf da shi.

"Saurare ni. Ban ce ga abin da ke damunka ba, don ban sani ba tukuna. Zai iya zama farfaɗiya irin wadda ba ta kayar da mutum, zai iya zama wani abin daban. Zan tura ka birnin Zenica wurin likitan ƙwaƙwalwa, a yi gwaji a ɗauki hoto. Da yawan irin wannan yana jin magani."

"Me za ki rubuta musu?"

"Ciwonka ba ruwan ma'aikata da shi, ba za su ji daga bakina ba. Abin da zan rubuta kawai, ba za ka hau inji ba har sai an gama bincike."

"In na sha maganin zan koma?"



"Ba zan yi maka ƙarya ba. Aiki za ka iya samu a can. Amma kan wannan injin, da wuya."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa.

Ta kalli Zijad. "Kai kuma, maganar ranar nan ba za ta zauna a ɗakin nan ba. Gara shugabanninku su ji daga bakinka kafin su ji a wani wuri."

"Na ji, likita."

Refik ya miƙe. Ya ɓalla maɓallan a karkace, wuyan rigar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na kai hannu zan gyara, ya riƙe hannuna ya sauke.

"A gaban mutane, Almasa."

"A gaban likita."

"Da kin bari mun koma gida."

"A gidan ai na yi ta yi maka magana."

"Kin yi daidai," ya ce, yana kallon ƙasa. "Kin yi daidai. Amma kar ki taɓa ni yanzu."

Likita ta ce, "Saura abu ɗaya. Daga yau ba hawa tsani, ba wanka a ƙulle ƙofa, kuma ba tuƙi. Ko nan da bakin titi. Ina makullin motar?"

"Yana aljihun kwat ɗina, a rataye a waje."

"Ka ba matarka."

"Ba ta tuƙi."

"Sai ku bar motar a nan, ku hau bas."

"To. Bari in wanke fuskata."

Zijad ya yunƙura zai bi shi. Refik ya juyo daga bakin ƙofa.

"Ka bi ni ya isa haka."

Ya fita. Zijad ya tsaya turus, sannan ya fita shi ma, na ji ƙarar benci da ya zauna.

Likita ta ce in zauna, tana so ta rubuta wa likitan Zenica komai dalla-dalla. Wane gefen bakin ke motsi? Hannunsa na yin wani abu? In ya dawo yana gane ni nan take? Ya taɓa buguwa a kai? Akwai mai irin wannan a danginsu?

Ina amsawa, idona na kan ƙofa. Na ce mata babansa a rami ya rasu, babu wanda ya san ciwon da yake da shi. Na ce mata ya taɓa faɗowa daga kan rufin rumbu tun Nermin na goye. Ta yi ta rubutu. Na miƙe, ta ce saura kaɗan. Na zauna. Na sake miƙewa.

"Ki kwantar da hankalinki," in ji ta. "Abin da kika yi ba kowa ke iyawa ba. Zai huce."

"Ba ki san shi ba."

Da ta sallame ni na fito, Zijad na zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina yake?"

"Bayan gida. Bai fito ba."

Na kalli ƙusoshin da ake rataye kaya. Kwat ɗin Refik ba ya nan.

"Zijad, tashi!"

Ya ruga bayan gida, ya buga ƙofa, ya tura. Babu kowa. Dattijon nan da ya ce ina sa masa jiri ya ɗago kai.

"Refik kuke nema? Ai ya jima da fita. An kira shi a waya, na ji yana cewa to, ga ni nan kusa."

Na fita da gudu, takalmina ɗaya ya kusa fita. Ruwan ya tsinke sosai yanzu. Inda muka ajiye mota babu komai sai busasshen wuri mai siffar mota, ruwa na cinye shi.

Na kira lambarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Haka.

Zijad ya iso yana haki, hannu a ƙirji.

"Wataƙila gida ya tafi. Ko ramin. Bari in kira mai gadi."

Kafin ya ciro wayarsa tawa ta yi ƙara. Na ɗauka ban ko duba ba.

"Refik!"

"Mama, ni ce, Mersiha."

Matar Nermin ce. Ina jin hayaniyar shagon da take aiki a bayanta.

"Mama, kina gida? Ki ɗora ruwan shayi don Allah, ga jikarki Ilhana nan za a kawo miki. Makarantar renonsu suka kira, wai jikinta da zafi, ni kuma ni kaɗai ce a shago, ba halin in rufe."

"Wa zai kawo ta?"

"Baba mana. Na kira shi ɗazu, ya ce yana kusa. Malamarsu ta ce yanzun nan suka tashi. Allah ya saka masa, bai taɓa ce mini a'a ba. Mama? Kina ji na?"

Na katse.

Yatsuna sun jiƙe, wayar ta ƙi jin taɓi. Na goge ta a jikin zanena, na sake kiran lambar Refik. Zijad na ta tambayata me aka ce.

Ta yi ƙara. Ta sake yi.

Aka ɗauka.

"Refik, tsaya! Duk inda kake ka gangara gefe ka tsaya, don girman Allah!"

"Nana?"

Muryar jikata ce, ƙarama, a shaƙe da mura; Nana take kirana, Refik kuma Dedo. Ko shekara biyar ba ta cika ba.

"Ilhana, 'yar albarka, ina Dedo?"

"Ya ba ni waya in yi wasa."

"Ba shi wayar, maza."

"Ya ƙi karɓa. Nana, ina ta kiransa ya ƙi kula ni. Fushi yake da ni?"

Na kama hannun Zijad.

"Ilhana, saurare ni da kyau. Motar a tsaye take?"

"A'a," ta ce. "Muna tafiya."